Kama Iskar Kabon Daga Hayaƙin Masana'antu: Yadda Ake Yi Da Wanda Zai Biya

A watan Yunin 2025 aka buɗe wani sabon sashe a masana'antar siminti ta garin Brevik da ke kudancin ƙasar Norwe. Sashen ba ya ƙara wa masana'antar ko buhu ɗaya na siminti. Aikinsa shi ne ya tare hayaƙin da ke fitowa daga tanderu, ya tsame iskar kabon da ke ciki, ya matse ta har ta zama ruwa, sannan a ɗura wa jirgin ruwa. Jirgin ya kai ta wata tasha a gaɓar yammacin ƙasar, daga can bututu ya ɗauke ta zuwa tsakiyar teku, a cusa ta cikin dutse mai zurfin mita 2,600 ƙasa da gindin tekun. An tsara kama tan 400,000 a shekara, kusan rabin abin da masana'antar ke fitarwa ke nan.

Labarin ya sake tayar da tsohuwar muhawara. Wasu na cewa ga shaida nan, masana'antu za su iya ci gaba da aiki ba tare da sun ɗumama duniya ba. Wasu kuma na cewa dabara ce ta kamfanonin mai don su tsawaita kwanan kasuwarsu. Mai bin labarai zai ji yau an ce wannan fasaha ta kusa shekara ɗari ana aiki da ita, gobe ya ji an ce har yanzu ba ta tsaya da ƙafarta ba. Duk maganganun biyu akwai gaskiya a cikinsu, domin ayyuka ne mabambanta aka tattara aka laƙaba musu suna guda.

Wace iska ake magana a kai

Kabon dayoksaid, wadda masana ke rubutawa CO2, ita ce iskar da mutum ke fitarwa idan ya yi numfashi, ita ce kuma ke sa lemon kwalba ya yi kumfa idan an buɗe shi. Ba ta da launi, ba ta da wari. Baƙin hayaƙin da ake gani yana tashi daga salansar tirela ba ita ba ce, wancan ragowar man da bai gama ƙonewa ba ne. Haka nan ba ita ce ke kashe mutanen da suka kwana da janareta ko kaskon wuta a rufaffen ɗaki ba, wannan aikin 'yar'uwarta ne, kabon monoksaid. Daga nan zuwa gaba za a riƙa kiran ta farkon iskar kabon kawai.

Duk abin da aka ƙona, itace ne ko kwal ko fetur ko gas, sai ya fitar da ita. Illarta a sararin sama take, inda take riƙe zafin da ƙasa ke mayarwa, kamar an lulluɓa wa duniya bargo. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowaɗanne ƙwayoyin iska miliyan ɗaya kimanin 280 ne nata. Yanzu sun haura 420, kuma ƙona makamashi da ayyukan masana'antu na ƙara sama da tan biliyan 37 a kowace shekara.

Kalmomi uku ne suka fi rikita mutane. Kamawa na nufin raba iskar kabon da sauran iskoki kafin ta fice ta bututun hayaƙi. Amfani na nufin sayar da ita ga wanda zai yi wani abu da ita. Binnewa kuma shi ne cusa ta cikin ƙasa da niyyar kada ta sake fitowa. A takardun ƙasashen waje, CCS na nufin kamawa da binnewa, CCUS kuma an ƙara da amfani. Bambancin na da nauyi: tan ɗin da aka kama aka zuba a lemo ya koma sama da zarar an sha lemon, wanda aka binne da kyau kuwa zai iya zama a can dubban shekaru.

Yawanta a cikin hayaƙi ne ke yanke farashi

A ɗauka an gauraya wake da masara. Idan rabi da rabi ne, kwarya guda ta isa a tsinci waken da za a dafa. Idan kuwa ƙwayar wake ɗaya ce a cikin masara dubu biyu, sai an juye buhu bayan buhu kafin a tara cikin tafin hannu. Duk lissafin kama iskar kabon a kan wannan ya ginu.

A masana'antar amoniya, wato uwar takin zamani, da wuraren yin barasar itanol, iskar kabon na fitowa kusan tsantsarta, sai dai a cire mata danshi a matse. A tanderun siminti takan kai kashi 20 cikin ɗari na hayaƙin ko fiye. A tashar lantarki mai aiki da kwal kashi 12 zuwa 15 ce, a mai aiki da gas kuwa kimanin kashi 4 kacal, saura duk naitirojin ne da tururi da ragowar oksijin. A iskar da muke shaƙa ba ta wuce ƙwaya ɗaya cikin kimanin 2,400 ba.

Hukumar Makamashi ta Duniya, mai hedikwata a birnin Paris, ta ƙiyasta cewa kama tan ɗaya daga wuraren da iskar ke fitowa kusan tsantsa yakan ci dala 15 zuwa 25. Daga siminti da tashoshin lantarki kuwa dala 40 zuwa 120 ne. Tsamo ta kai tsaye daga sararin sama ɗaruruwan daloli ne a kan tan guda. Kuɗin sufuri da na binnewa ba sa cikin wannan lissafi.

Wannan ne ya sa mafi yawan abin da ake kamawa a yau daga wurare masu sauƙi yake fitowa, musamman matatun iskar gas. Gas ɗin da ake haƙowa yakan zo gauraye da iskar kabon, kuma dole a cire ta kafin a sayar, ko kafin a sanyaya gas ɗin ya zama ruwa, domin in an bar ta sai ta daskare ta toshe na'urori. Tun kafin a fara maganar sauyin yanayi ake wannan aiki, a cire, a saki a sama. Dukkan masana'antun kama iskar da ke aiki a duniya, 'yan gommai ne, ƙarfinsu a haɗe a 2024 kimanin tan miliyan 50 ne a shekara. Idan aka auna da tan biliyan 37, ya ɗan haura kashi ɗaya cikin dubu.

Yadda ake tsamo ta

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce wanke hayaƙin da ruwan wani sinadari da ake kira amayin, dangin amoniya. Wani Ba'amurke mai suna Robert Bottoms ne ya yi rajistar dabarar a 1930, kuma tsabtace gas ne a ransa, ba yanayin duniya ba.

Ana gina dogayen hasumiyoyi biyu na ƙarfe. A ta farko, hayaƙin da aka sanyaya zuwa kimanin digiri 40 yana shiga ta ƙasa yana hawa, ruwan amayin na zubowa daga sama, su haɗu a kan wasu ƙarafa da aka jera don ruwan ya bazu sosai. Amayin ya damƙe iskar kabon, ya ƙyale naitirojin ta wuce. Sai a tura ruwan zuwa hasumiya ta biyu a dafa shi da tururi zuwa kimanin digiri 120. Zafi ya sa ya saki abin da ya riƙe, iskar kabon ta tashi ita kaɗai, a tara ta. Ruwan kuma a sanyaya shi a mayar hasumiyar farko, haka dare da rana. Idan komai na tafiya daidai, ana iya kama kashi 90 cikin ɗari na iskar da ta bi ta cikin na'urar.

Inda gizo ke saƙar shi ne dafawar nan. Tururin da ake buƙata da wutar da ke juya injinan matsewa ba ƙananan abubuwa ba ne. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na musamman na 2005, ya ce tashar lantarki mai wannan na'ura na buƙatar ƙarin makamashi na kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari kafin ta ba da wutar da take bayarwa a da. Wato sai an ƙara ƙona kwal ko gas don a kama hayaƙin kwal ko gas. Ga ƙarin ruwan sanyaya injina, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da ruwa ke wuya. Shi kansa amayin yana lalacewa idan ya gamu da oksijin da sinadarin ƙibiritu da ƙura, don haka sai an fara tsabtace hayaƙin, kuma sai ana sabunta ruwan. Dalilin da ya sa masana'antar Brevik ta tsaya a kan rabi ke nan: da zafin da tanderu ke zubarwa a banza ake dafa ruwan, kuma iya abin da wannan zafin zai ɗauka ke nan.

Sauran hanyoyin duk ƙoƙari ne na kauce wa wannan tsada. Inda gas ke fitowa da ƙarfin matsi, kamar a masana'antun da ke mayar da kwal gas, akan narkar da iskar kabon cikin sinadarin mitanol mai tsananin sanyi, da an rage matsin sai ta fito da kanta. Akwai daskararrun abubuwa masu ƙananan ramuka da ke tsotse ta kamar soso su sake ta idan an canza matsi ko zafi. Akwai wata fata ta roba mai aikin rariya, da ke barin iskar kabon ta ratsa, amma ta tsare sauran. Da irinta kamfanin Petrobras ke aiki a jiragensa na haƙar mai a tekun Birazil, domin ba ta cin wuri. Wasu kuma sun juya matsalar ta baya: a ƙona makamashin da tsantsar oksijin maimakon iska, sai hayaƙin ya zama iskar kabon da tururi kawai, amma raba oksijin daga iska shi ma yana shan wuta. Ko kuma a fasa gas ya zama haidirojin da iskar kabon tun kafin a ƙona, a kama iskar kabon, a ƙona haidirojin ɗin kawai.

Tsamo ta daga sararin sama shi ya fi jan hankalin 'yan jarida, shi ne kuma mafi ƙanƙanta. Na'urar da kamfanin Climeworks ya buɗe a ƙasar Aislan a 2024 an gina ta don tan 36,000 a shekara. Duniya na fitar da wannan adadi cikin kimanin rabin minti.

Bayan an kama, ina ake kai ta

Iskar kabon haja ce da ke da kasuwa tun da daɗewa. Ana sa ta a lemo, a tukunyar kashe gobara, a aikin walda, a busasshiyar ƙanƙarar adana magani da abinci. A Holan akwai bututun da ke ɗauko ta daga matatar mai kusa da Rotterdam zuwa gonakin gilashi, domin tumatir da furanni su yi saurin girma. A watan Satumban 2021, da tsadar gas ta sa aka rufe wasu masana'antun taki biyu a Birtaniya, sai ga mahauta da kamfanonin lemo sun shiga ruɗani, har gwamnati ta sa kuɗinta aka sake buɗe ɗaya. A nan ne mutane da yawa suka gane cewa iskar da ake kuka da yawanta a sama tana iya yin ƙaranci a kasuwa.

Duk duniya ana amfani da kimanin tan miliyan 230 a shekara, kuma fiye da rabi a takin yuriya yake tafiya. Ana haɗa amoniya da iskar kabon ɗin da ita kanta masana'antar ta fitar, sai su zama farar ƙwayar da manomi ya sani. A kowane buhu mai kilo 50, kusan kilo 37 na iskar kabon ne ya shiga haɗin. Masana'antar Dangote da ke Lekki da ta Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal duk haka suke yi. Amma da an watsa takin a gona ya ji danshi, cikin 'yan kwanaki iskar ta rabu ta koma sama. Aro aka yi, ba ajiya ba.

Babban mai saye na biyu shi ne masu haƙar mai. Tun 1972 a yammacin jihar Teksas ta Amurka ake cusa iskar kabon cikin rijiyoyin da suka fara ƙafewa, ta narke cikin ɗanyen man ta sassauta shi, ya taso. Yawancin iskar takan maƙale a ƙasa, amma man da ta koro za a ƙona shi. Mafi yawan abin da manyan masana'antun kamawa suka tara zuwa yau, wajen haƙar mai ya tafi, kuma a nan ne rigimar ta fi zafi.

Binnewa ta gaskiya ba a cikin kogo ake yin ta ba, kamar yadda wasu ke zato. Ana matse iskar har ta yi nauyi kamar ruwa, a cusa ta zurfin da ya haura mita 800, cikin dutsen yashi mai ƙananan ramuka cike da ruwan gishiri, wanda ke da wani dutse mai tauri a samansa kamar murfi. Irin wannan murfin ne ya riƙe mai da gas miliyoyin shekaru. A hankali iskar na narkewa cikin ruwan gishirin, wani ɓangare ya zama dutse. A Aislan, inda ake cusa ta cikin dutsen aman wuta, an ga kusan dukkanta ta zama dutse cikin shekara biyu.

Abin da aka gani a aikace

Norwe ta sa harajin kabon, wato kuɗin da ake biya saboda iskar kabon da aka saki, a kan masu haƙar mai a teku a 1991. Gas ɗin filin Sleipner na ɗauke da iskar kabon kimanin kashi 9 cikin ɗari, dole a cire. Kamfanin Statoil, wanda yanzu ake kira Equinor, ya auna ya ga binnewa ta fi biyan haraji sauƙi, sai ya fara a 1996. Shi ne misalin da magoya baya suka fi kawowa, kuma darasinsa a fili yake: haraji ne ya haifi aikin.

Afirka ma ta taɓa gwadawa. A In Salah, cikin hamadar Aljeriya, kamfanonin Sonatrach da BP da Statoil sun cusa kimanin tan miliyan 3.8 daga 2004. Tauraron ɗan'adam ya nuna ƙasar da ke saman rijiyoyin tana ɗan kumbura, alamar matsi ya yi yawa, aka ji tsoron kada murfin dutsen ya tsage, sai aka dakatar a 2011. A Ostareliya, aikin Gorgon na kamfanin Chevron ya yi alƙawarin binne kashi 80 cikin ɗari na iskar da ke fitowa tare da gas ɗinsa, har tan miliyan 4 a shekara. Ya fara a makare a 2019, yashi ya riƙa toshe rijiyoyin rage matsi, kuma a shekarun baya-bayan nan bai kai rabin wannan adadi ba.

A ɓangaren lantarki labarin ya fi muni. Tashar Kemper a jihar Misisipi ta Amurka ta ci sama da dala biliyan 7 kafin a yi watsi da shirinta na mayar da kwal gas da kama iskar kabon a 2017 ta koma ƙona gas kamar kowa. Petra Nova, masana'antar kama iskar kabon daga wata tashar kwal a Teksas, ta fara aiki a farkon 2017 kan kuɗi kimanin dala biliyan ɗaya, kuma na'urarta ta yi aiki. Amma da sayar wa masu haƙar mai take rayuwa, don haka da farashin mai ya faɗi a 2020 sai aka rufe ta, ba ta dawo ba sai 2023. A nan ba injin ne ya gaza ba, kasuwa ce.

Hujjojin ɓangarorin

Masu goyon baya sun fi ƙarfi idan aka zo kan siminti. Don a yi siminti sai an gasa dutsen farar ƙasa a zafin digiri 1,450, kuma dutsen da kansa yake sakin iskar kabon idan ya ji wuta. Kimanin kashi 60 cikin ɗari na hayaƙin masana'antar daga dutsen ne, ba daga makamashi ba. Ko da hasken rana aka gasa shi, wannan kason sai ya fito. Siminti kuwa shi ke da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Sukan ƙara da cewa yawancin lissafin da kwamitin masana yanayi ya tattara na nuna da wuya a kai ga daina ƙara iskar a sama ba tare da an kama wani kaso ba, kuma akwai sababbin masana'antu a Asiya da ba wanda zai rufe su nan kusa.

Masu suka na nuni da tarihi. Farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, alhali kuɗin kama iskar kabon bai yi irin wannan saukar ba, domin kowace masana'anta da kowace rijiya sai an yi mata ɗinki daidai jikinta. Suna cewa kuɗin jama'a da ake zubawa, kamar rangwamen harajin da Amurka ta ɗaga a 2022 zuwa dala 85 kan kowane tan da aka binne, da an sa shi a wani wuri da ya fi rage hayaƙi. Hujjarsu mafi kaifi ita ce, kamfanin gas na kama abin da ya fito wajen tacewa ne kawai, alhali mafi yawan hayaƙin sai an ƙona gas ɗin a wurin mai saye yake fita.

Taron yanayi na Dubai a 2023 ya bi tsakiya. Matsayarsa ta yi kira da a fara barin makamashin kwal da mai da gas, ta kuma ambaci kama iskar kabon, musamman a masana'antun da rage hayaƙinsu ke da wuya. Idan aka ɗora hujjojin a sikeli, sun fi rinjaya ta wannan ɓangare: a siminti da wasu sinadarai babu wata hanyar da ta maye gurbinta gaba ɗaya, a lantarki kuwa akwai masu rahusa.

Haɗarin da ke cikinta

Iskar kabon ta fi iska nauyi, don haka idan ta fita da yawa takan kwanta a kwari ta kore oksijin. Mutanen Kamaru sun san wannan. A daren 21 ga Agustan 1986 tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin ƙasar ya amayo iskar da ta taru a gindinsa, ta gangara ƙauyuka, ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi kimanin 3,500. Wannan ba aikin masana'anta ba ne, daga dutsen aman wuta iskar ta fito, kuma iskar da ke maƙale cikin ramukan dutse a zurfin kilomita ba ta iya tasowa lokaci guda haka. Inda haɗarin ya fi kusa shi ne bututu. A watan Fabrairun 2020 wani bututun iskar kabon ya fashe kusa da ƙauyen Satartia a Misisipi bayan zaftarewar ƙasa. Mutum 45 suka je asibiti, aka kwashe kimanin 200, motoci suka riƙa mutuwa a hanya saboda injinansu sun rasa oksijin.

Akwai kuma tambayar wanda zai ci gaba da gadin rijiya bayan kamfani ya tafi. Dokar Tarayyar Turai ta 2009 ta ce bayan aƙalla shekara 20 da rufe rijiya, idan an tabbatar ba ta yoyo, alhakin ya koma kan gwamnati, wato kan masu biyan haraji.

Ta ina abin zai taɓa mu

Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa ba. Ɗan Najeriya na fitar da kimanin rabin tan a shekara, Ba'amurke kimanin tan 14. Duk da haka Najeriya ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa nan da 2060 za ta daina ƙara iskar a sama, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a wannan shekarar. Matsin lamba na kusa dai daga kasuwa zai zo. Tarayyar Turai ta fara tattara bayanai a watan Oktoban 2023 don sabon harajin kabon a kan iyaka, wanda aka tsara ya kankama daga 1 ga Janairun 2026. Ya shafi siminti da ƙarfe da alminiyam da taki da haidirojin da lantarki. Duk mai son sayar da waɗannan a Turai sai an auna hayaƙin da aka fitar wajen yin su, a biya.

Ga mai gini a Kano ko Maraɗi, lissafin mai sauƙi ne. Kowane tan na siminti na haifar da kimanin kilo 600 na iskar kabon, kuma tan ɗaya buhu 20 ne. Idan aka ɗauki ƙiyasin dala 40 zuwa 120, kama dukkan hayaƙin zai ƙara tsakanin dala ɗaya da 'yan kai zuwa kimanin dala uku da rabi a kan kowane buhu, kafin a zo kan bututu da rijiya. A Norwe gwamnati ce ta ɗauki mafi yawan kuɗin aikin Brevik. Inda gwamnati ba ta da wannan hali, kuma babu harajin kabon, babu abin da zai sa kamfani ya fara. In kuma an tilasta masa, mai sayen buhu ne zai biya.

Wurin binnewa ma wata matsala ce. Tsofaffin rijiyoyin mai da duwatsun yashi na yankin Neja Delta su ne suka fi dacewa, kuma an san yanayin ƙasarsu saboda shekarun da aka yi ana haƙa. Amma masana'antun siminti na Kalambaina a Sakkwato, da Ashaka a Gombe, da Malbaza a Nijar duk suna da nisan ɗaruruwan kilomita daga can. Wanda ya bi labarin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar a 2020 aka sha ɗage ranar gama shi, ya san abin da shimfiɗa bututu ke nufi. Akwai duwatsun yashi masu zurfi a ƙarƙashin yankin Sakkwato da na tafkin Chadi, sai dai daga saman waɗannan shimfiɗu ne garuruwa ke samun ruwan burtsatse. Cusa wani abu a can na buƙatar binciken ƙasa na shekaru, da doka mai faɗin wanda zai ɗauki alhaki idan ruwan sha ya gurɓata.

Kafin a kai ga wannan, akwai ayyuka masu rahusa da ba a gama ba. Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a banza a bakin rijiyoyin mai. Kashe waɗannan wutace da toshe yoyon gas ba sa buƙatar hasumiyar amayin, kuma gas ɗin da aka ceto kuɗi ne. A siminti kuma ana iya rage yawan gasasshen dutse a cikin buhu, a maye wani kaso da gasasshen yumɓu da garin farar ƙasa. Yumɓu ba ya sakin iskar kabon idan an gasa shi, kuma zafin kimanin digiri 800 ya ishe shi. Wannan haɗin na rage hayaƙi har zuwa kashi 40 cikin ɗari, kuma an riga an gina masana'antar gasa yumɓu don wannan aiki a Tema ta ƙasar Gana. Ragowar kashi 60 ɗin ne zai ci gaba da fita ta bututun hayaƙi har sai an samu mai biyan kuɗin tare shi.